An Sayar da Lambar Babana, Sunansa Ya Tafi da Ita

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin duniya da ke tsara ƙa'idojin da manhajojin aika saƙo suke bi a intanet,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, ku da iyalinku da abokan zamanku na kwamiti. Sunana Rakiya, ina koyarwa a makarantar firamare a Yamai, babban birnin Nijar, kuma ina zaune a unguwar Kirkissoye, ƙetaren kogi. Asalina wani ƙauye ne a arewacin Tawa. Ba zan faɗi sunansa ba, in kun karanta zuwa ƙasa za ku gane dalili. Na rubuta da Hausa saboda da Hausa abin ya same mu. Ku nemi mai fassara, mu ma haka muke yi da takardunku.

Ban san da zamanku a duniya ba sai bana. Da can ina ɗauka duk abin da salula ke yi, haka aka halicce ta. Maƙwabciyata Madam Zalika, wadda ke koyar da ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa a jami'a, can Lamorde, ita ta buɗe mini ido. Ta ce akwai mutanen da ke zama su yanke yadda saƙo zai tashi daga wannan waya ya sauka a waccan, da yadda manhaja za ta gane wane ne wane. Ta ce ku ba gwamnati ba ne, ba ku da soja, ba ku da gidan kaso, amma abin da kuka rubuta shi kamfanoni ke bi. Shi ya sa na zo ƙofarku. Kukana a kan mahaifina ne, Malam Illa, dattijon da yau mutanen garinsu ke kira maci amana, alhali bai ci amanar kowa ba.

Na farko, ya kamata ku san yadda muke zama. 'Yan garinmu sun watsu, wasu a Yamai, wasu a Agadas, wasu a Legas da Abijan, saura suna gida. Abin da ya haɗa mu shi ne gurup ɗaya a manhajar aika saƙo. Yawancinmu ba su yi boko ba, don haka ba a rubutu a ciki, magana ake yi. Da safe a gaida juna, a faɗi haihuwa, a faɗi rasuwa, a faɗi yadda hatsi ya kwana a kasuwa, mata su yi wa 'yan cin rani tsiya cewa sun yi kumatu a hoto sun manta da gida. Ranar da samari suka buɗe gurup ɗin, sun sa dattawan gari a ciki don girmamawa, har da Baba da amininsa Alhaji Nomau, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya. Ni na saya wa Baba salular, na nuna masa inda ake dannawa. Saurare ya iya, magana kuwa sai ta kama dole. A wurinmu babba ba ya yawan baki a taro. Yana ji, kuma jin nan nasa ya isa halarta. Sannan ba a fitar da babba daga gurup. Ko ya shekara bai ce uffan ba, wanda ya cire sunansa kamar ya tashe shi daga kan tabarma ne a gaban jama'a, wasu ma sai su ce fatan mutuwa yake yi masa. Ku riƙe wannan da kyau, don ta nan ƙa'idarku ta shigo mana.

Na biyu. Daminar da ta wuce waccan ta yi gardama. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, ciyawa ba ta fito ba, tun sanyi bai wuce ba shanu suka fara cin leda da tsumma a bola. Baba ya ga in aka zauna babu abin da zai rage. Sai ya haɗa shanunsa da na Alhaji Nomau da na wasu gidaje, ya bi Fulanin da ke yi musu kiwo zuwa kudu, can wajen iyaka. Mun yi roƙo har mun gaji, ya ce shi ba zai zauna a inuwa yana jin labarin dukiyar mutane a bakin wani ba. Inda suka shiga babu rezo, wato waya ba ta kamawa, babu wurin caji, kuma mai neman abin da saniya za ta lasa ba ya tunanin sa wa waya kiredi. Muka yi watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Innata ta rame kamar ita ce a dajin.

Sai wata safiya ƙaramar alamar nan da ke nuna an saurari saƙo ta fito a gaban sunan Baba. Gurup ya ɗauki guɗa. Kowa ya shiga gaisuwa, ana tambayarsa gajiya, ana tambayarsa bisashe. Bai amsa ba, amma duk saƙon da aka aika sai alamar ta nuna ya ji, muka ce ai halinsa ne. Na kira layin, yana shiga ba a ɗauka, na ce ko rezon ne ke wasa, ko tsoho ya manta inda ake dannawa. Innata ta dama fura ta yi sadaka a ƙofar masallaci. Ni kuwa na riƙa aika masa saƙo ni kaɗai, ina ba shi labarin jikokinsa, ina faɗa masa irin abin da 'ya ke faɗa wa ubanta in zaman gida ya yi mata nauyi.

Ashe ba Baba ba ne. Kamfanin waya ya ga layin ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba, ya karɓe lambar ya sayar wa wani. Wannan mutum ya buɗe manhajar da ita, aka aiko masa da 'yan lambobin tabbatarwa, ya shigar, shi ke nan ya gaji wurin Baba. Ya tarar da kansa zaune a tsakiyar garinmu ba tare da ya yi sallama ba. Mu kuma abin da ke fitowa a wayoyinmu shi ne sunan da kowa ya ajiye da hannunsa. A tawa an rubuta Baba.

Na uku shi ne Habibu, ɗan Alhaji Nomau na fari. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, yana zagaya rijiyoyi da babur, don haka ya fi kowa ganin abin da farin ke yi. Soji ne ke mulki a ƙasarmu. Kowa ya san akwai maganar da ake yi a fadar shayi da murya ƙasa-ƙasa, akwai kuma wadda ba a yi sam. Habibu ba yaro ba ne, ya san wannan. Amma gurup na gida ne, kowa a ciki ya san kakan kowa. Da ya ga alamar cewa Baba yana ji, sai ya ƙara sakin baki, don ya tsare tsohon daga dawowa cikin masifa. Ya faɗi rijiyoyin da mushe ya kewaye. Ya ce dusar da rediyo ke ta shelar an raba ba ta iso yankinmu ba, shi bai ga ko buhu ɗaya ba. Har yau muryarsa na cikin wayata yana cewa, “Baba Illa, in kana jina, don Allah kada ka komo yanzu, nan babu komi sai ungulu.”

Ranar wata kasuwa mota marar lamba ta tsaya a gabansa, aka tafi da shi. Laifinsa wai tada hankalin jama'a da ɓata sunan ƙasa. A wurin tambaya aka kunna masa muryarsa daga wata waya, aka nuna masa layin da ta fito, ya ga lambar da ya haddace tun ranar da ya taya ni sa ta a salular Baba. Da mahaifinsa ya samu ganinsa a gidan kaso, ya faɗa masa abin da ya gani. Alhaji Nomau ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba, amma wanda ya raka shi ya ji, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka. Mai girma Shugaba, ba da soji nake ba a wannan takarda. Ina da 'ya'ya, ina cin albashin gwamnati, kun dai gane.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Baba ya dawo da faɗuwar ruwan farko, a ƙafa, ya zama ƙashi da fata, salular tana ƙasan jakarsa a mace tun farkon tafiyarsa. Ya koro 'yan shanun da suka rage, a cikinsu har da jar saniyar Alhaji Nomau, wadda ya riƙa ba ta rabon fura daga nasa ƙoƙon don kada ta faɗi. Yana tsammanin za a tarbe shi. Ya yi sallama a dandali, aka amsa a ciki-ciki. Ya kai saniyar ƙofar amininsa, aka turo suruki ya karɓi igiyar ba ko sannu. Ya je masallaci, aka tada salla, sai ya ga an bar fili a damansa da hagunsa, a garin da liman ba ya kabbara sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. A daren ne innata ta faɗa masa abin da ake cewa. Har ma an ƙara gishiri, wai shanunsa sun rayu ne saboda dusar da aka biya shi da ita. Samarin da suka buɗe gurup suka cire shi, shi ne dattijo na farko da aka taɓa yi wa haka.

Lokacin ne na kai kukana wurin Madam Zalika, ta warware mini yadda abin ya faru. Na hau mota na tafi gida da ƙarfin gwiwata, ina ganin magana ta ƙare. A ƙofar maigari na sa wa salular Baba caji, na nuna wa kowa layin ya mutu. Na kira tsohuwar lambar, na buɗe murya kowa na ji. Wani namiji ya ɗauka da Zabarmanci, ya ce shi a bakin titi ya sayi layinsa, ya kashe. Tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Ban sani ba ko ɗan rahoto ne, ko kuwa talaka ne da ya ji maganar da ta fi ƙarfinsa, tsoro ya kama shi ya kai kansa kafin a zo masa. Na juya ina jiran a ce Allah sarki. Sai wani tsoho, wanda ya goya ni ina ƙarama, ya ce, “Ɗiyar Illa, ke kin yi karatun lakwal, mu ba mu yi ba. Amma shaidar da ke cinyar saniyar ubanki, kin taɓa ganin an buga ta ga saniyar wani gida? Lamba tashi ce. In wani Bazabarme ya ɗauka, shi ya ba shi riƙo.” Kowa ya gyaɗa kai. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da haka na ɗauka. Ba wanda ya taɓa ce mana lambar nan aro ce.

Na dawo Yamai na je ofishin kamfanin wayar, na roƙi su faɗa mini wanda ya sayi lambar, ko su ba ni shaidar ranar da ta bar hannun Baba. Wata yarinya mai fara'a ta ce ba za su iya ba, sirrin abokin ciniki ne. Na yi dariya har ta tsargu. Sirrinsa an tsare shi da kyau, mu da muka yi watanni muna zuba namu a kunnensa babu wanda ya tsare mana.

Alhaji Nomau ya rasu bayan girbi, Habibu yana tsare. Shi da Baba suna da alkawari tun suna samari, kowa a gari ya sani, cewa wanda ya rage shi zai wanke ɗan'uwansa. Da Baba ya ji kuka ya tashi, ya naɗe hannun riga ya nufi gidan. Matar mamacin, Hajiya Tsahara, ta aiko daga cikin ɗaki cewa kada hannunsa ya taɓa mijinta. Ya tsaya a waje har aka gama, ya bi sahun ƙarshe, ya dawo gida ya kwanta. Bayan sadakar bakwai na je na ɗauko shi. Yanzu yana wurina a Kirkissoye, yana wuni a gindin itacen bedi a ƙofar gida. Ba ya jin Zabarmanci, maƙwabta su gaishe shi su ce fofo, ya ɗaga hannu. Mutumin da gari ke jiran bakinsa kafin a fita shuka, yau aikinsa korar awakin unguwa daga shanyar da na yi. In salula ta yi ƙara kusa da shi sai ya matsa gefe.

Na biyar, rabonku a ciki. Ba ku kama Habibu ba, ba ku sayar da layin ba, ba ku hana ruwa sauka ba, kuma ba zan ɗora muku kayan da ba naku ba. Madam Zalika ma ta yabe ku. Ta ce kun yi aiki sosai wajen kulle saƙo a hanya, yadda ko wanda ya tare shi ba zai iya buɗewa ba. Na gode da wannan. Amma ta ce, a iya fahimtarta, an gina abin ne bisa cewa lamba ita ce mutum, maganar lamba ta canja hannu kuwa an bar wa kowane kamfani ya yi yadda ya ga dama. Ta nuna mini cewa akwai wata 'yar sanarwa da kan fito in wayar mutum ta canja, sai dai ba dole ba ce, a kashe take zuwa, kuma ko an kunna ta rubutu ne ƙanana da Faransanci. A gurup ɗinmu waɗanda za su iya karanta ta ba su cika tabarma ɗaya ba. Kun yi tunanin ɓarawon da zai tare hanya. Ba ku yi tunanin tsohon da zai bi shanu ya yi rani guda a daji ba, ko mutanen da kunya ba za ta bar su su tambayi babba ko shi ne ba.

Na tambaye ta me ya sa ita ba ta je ta faɗa muku ba, tunda ta sani. Ta ce ƙofar taronku a buɗe take ga kowa, haka ake faɗa. Sai dai da Ingilishi ake yi, a biranen da ta nemi biza aka hana ta, in kuma ta ce ta bi ta intanet, wuta ta ɗauke ana tsakiyar magana. Ta kuma ce a cikinku akwai masu ganin aikin injiniya shi ne abu ya yi aiki, maganar haƙƙin ɗan Adam ta 'yan siyasa ce da lauyoyi. Da girmanku, ban yarda ba. A garinmu mai haƙa rijiya ba ya tafiya sai ya ɗaga mata baki, don ya san yara da awaki za su bi ta wurin. In ya bar ta a buɗe wani ya faɗa, ba a karɓar uzurin cewa shi ruwa aka ce ya samo. Abin da ke damuna shi ne gyaran nan ƙarami ne. Da wani a cikinku ya ɗaga hannu ya tambaya, da Habibu yana gidansu ranar da ubansa ya cika.

Ga abin da nake roƙo. Ku sa a ƙa'ida, dole ba ganin dama ba, cewa in lamba ta canja hannu sabon mai ita ba zai gaji wurin tsohon a kowane gurup ba, sai an sake shigar da shi da sanin mutane. Ku sa sanarwar ta zo a kunne, kuma ta zama abin da marar karatu zai gane, ko da murya, ko sunan ya canja launi ya ƙi komawa. Kafin ku sa hannu a kowace ƙa'ida, ku tanadi wanda aikinsa shi ne ya tambaya wa za a iya ɗaurewa da wannan, a ƙasar da magana ke kai mutum kaso. Ku nemi irin su Madam Zalika ku kai su teburinku, kada ku jira su haura katanga.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ku ba ni amsa da sunanku, ko layi biyu ne, ku faɗa a fili cewa lambar waya takan bar mai ita ta koma hannun baƙo ba da saninsa ba, kuma baƙon yana iya zama a wurinsa yana saurare. Ni 'yarsa ce, maganata ba ta zama shaida. Amma in waɗanda suka tsara abin suka faɗa da bakinsu, zan kai wa maigari, a karanta bayan sallar Juma'a, in fassara kalma bayan kalma. Wannan ba zai buɗe wa Habibu ƙofa ba, na sani. Zai dai sa a matso kusa da tsoho a sahu.

Jiya na faɗa wa Baba ina rubuta muku. Na zaci zai ce in bari. Sai ya ce, “Ki gaishe su. Ki ce musu ban riƙe su da komi ba, ba su san ni ba. Nomau kuwa, inda yake yanzu ya riga ya san gaskiyar wanga abu, shi ba ya damuna. Tsahara ta rage. Su yi sauri, ni da ita duk mun tsufa.”

Na isar da saƙonsa. Allah ya ba ku ikon gyarawa, ya sa aikinku ya zama kariya ga waɗanda ba za su taɓa jin sunanku ba. Allah ya tsare mutuncin iyayenku, ya ba mu damina mai albarka, ya fito da Habibu lafiya.

Wassalam.

Rakiya 'yar Malam Illa,
Kirkissoye, Yamai.